Jingar Auta Ta Yi Ja

Shafin yana buɗewa sai ga shi ja jawur.

Auta ta ajiye burodin da take ci a gefen tebur, ta goge hannu a jikin rigarta, ta jawo kujera kusa. Lokacin hutun rana ne, ɗakin kati na asibitin babu kowa sai ita da fankar da ke juyawa kamar an yi mata dole. Jingar ƙarshe ce ta kwas ɗin adana bayanai da take yi ta intanet, shafi tara da ta kwashe mako uku tana rubutawa. Maki ta zo dubawa. Maimakon maki sai ta tarar an bi layukanta ɗaya bayan ɗaya an shafe su da jan launi, a sama kuma an rubuta cewa kashi sittin da takwas cikin ɗari na aikin ya yi daidai da na wani ɗalibi da ya gama bara.

Ta danna wurin. Fuskar kwamfutar ta rabu gida biyu, nata a hagu, na wancan ɗalibin a dama. Ba a sa sunansa ba, ita ma ba ta buƙaci suna ba. Na Yaya ne, kuma ita ta rubuta masa shi da hannunta.

Abin mamaki, ba tsoro ne ya fara zuwa mata ba. Kai ta ƙara matsowa da shi har hancinta ya kusa taɓa gilashin.

"Ikon Allah," ta ce a fili. "To ke ya aka yi kika gane?"

Domin ita dai ta san ba ta buɗe tsohon aikin ba, yana can cikin kwamfutar Yaya, rabonta da ganinsa wata goma sha ɗaya. Ta soma bin layukan da yatsa. A hagu ta rubuta cewa kati ba ya ɓata, ajiye shi ake yi inda ba a yi niyya ba. A dama ma haka, kalma ɗaya ce kawai ta bambanta. A hagu ta kawo labarin mata biyu masu suna ɗaya da aka kusa ba ɗaya maganin ɗayar, da yadda ta koma jera katuna da lambobi biyu na ƙarshen lambar kowane kati tana manna musu takarda mai launi. A dama ma ga matan nan biyu a zaune. Ashe mutum yana da hanyar da maganarsa ke bi, ko shekara ta shige sai ta sake bin ta? Ta yi ta juya abin a ranta, har wani ɗan daɗi-daɗi take ji.

Sai da ta gangara ƙasan shafin ta ga saƙon malamar kwas ɗin. Gajere ne. Ana tuhumarta da satar fasaha. Ranar Alhamis da ƙarfe sha ɗaya za su gana ta bidiyo ta yi bayani, in bayanin bai gamsar ba za a cire ta daga kwas ɗin.

A nan ne tsoron ya iso. Shekara huɗu ke nan tana ɗakin nan a matsayin ma'aikaciyar wucin gadi, duk wata uku sai ta jira a sabunta mata takarda. Bana asibitin ya ce zai ɗauki mutum ɗaya na dindindin a ƙarshen wata, amma sai mai takardar shaidar wannan kwas. Ta dubi kantocin da ta jera da hannunta tun daga ƙasa har rufi, burodin ya fita ranta.

* * *

Yadda abin ya fara ba wani abin a-zo-a-gani ba ne. Yaya, babban wansu, yana aiki a siton wani kamfanin kayan gini. Aka ce za a ba shi shugabancin siton in ya kawo takardar shaida, ya yi rajista yana hura hanci.

"Karatun kwamfuta?" ya ce. "Ai wannan ko a kwance sai in gama shi."

A kwancen kuwa ya yi shi. In ya tashi aiki ya biyo gidan Umma, mahaifiyarsu, sai ya miƙe a doguwar kujera, ya ɗora kwamfutar a ciki ya kunna darasi. Kafin malamar ta gama gaisuwa ya fara minshari. Shi a ganinsa karatu shi ne a sa ka a aji, a kira sunanka, a tsare ka da ido. Da ya ga babu ƙararrawa babu mai tsawa, sai ya ɗauka babu karatun ma. Mako na huɗu ya farka ya tarar jinga uku sun wuce shi.

"Auta, zo ki duba min inda ake dannawa."

Daga dannawa aka koma ɗan saurara min wannan, daga nan aka koma ke da kika saurara ai sai ki rubuta kawai. Kafin wata ya zagayo kwamfutar ta tare a ɗakinta.

Ita kuwa da ta tsaya a sakandare, sai ta ji kamar an buɗe mata taga a ɗakin da ta daɗe tana jin zafi. Da farko ita ma ta sha wuya. Ta kalli darasin farko tiryan-tiryan kamar fim, da aka gama ta nemi abin da aka ce ta rasa. Sai ta koma kallo sau biyu, na farko hannu sake, na biyu da biro, tana tsayar da malamar a tsakiyar magana ta mayar da ita baya, abin da ko a mafarki ba ka isa ka yi wa malamin aji ba. Ta sayi littafin rubutu mai kauri ta raba kowane shafi biyu. Ɓangare ɗaya abin da aka ce, ɗaya ɓangaren abin da ba ta yarda da shi ba tukuna. Sau da yawa ɓangaren na biyu ya fi cika.

Ta koyi cewa intanet ba ta da alkawari, saboda haka a kalandar bango takan zagaye kwana biyu kafin ranar miƙa aiki, ta ɗauki wannan a matsayin ranar gaskiya. Ta koyi karanta tambaya sau uku kafin ta taɓa biro, bayan ta taɓa ɓata shafi huɗu tana amsa abin da ba a tambaye ta ba. Ta koyi yin tambaya a dandalin tattaunawar 'yan aji. Ranar farko da ƙyar ta tura tambayar, daga baya ta zama ita ce mai hana malamar sakat. Kowace tambaya in ta fita, hoton Yaya ne ke fita a gefenta, da gemunsa da hularsa.

Darasin da ya fi tafiya da ita shi ne na ambaton tushe. Wai kowace magana tana da mai ita, in ka ara dole ka faɗi wurin wanda ka aro, da shekara, da shafi. Ta taɓa kwashe Lahadi guda tana bin wata magana daga littafi zuwa littafi, wannan ya ce daga wancan ya ji, wancan ya ce daga wani, har ta kai ga wata mata da ta rubuta shi tun kafin a haifi Umma. Ranar ta kasa rufe baki.

Kada a ce Auta ba ta san abin da suke yi ba kyau. Ta sani. Amma wa ba ya yi? A ofisoshi nawa takardu ke rataye a bango, masu su ba su ma san inda ake shigar da lambar sirri ba? Wani matarsa, wani ƙaninsa, wani sakatariyarsa. Ba wanda ke kiransa sata, taimako ake ce masa, kuma a gida wanda ya ƙi taimako shi ne mugu.

Yaya ya fita da sakamako mafi kyau a ajin, aka ba shi kujera da makullan sito. Umma ta ce dama tun yana ƙarami kansa yana ja. Auta ta yi dariya tare da kowa, kuma a lokacin ba ta ji ciwo ba, don ita ta ƙoshi da abin da take so. Da labarin gurbin asibiti ya fito ta yi rajista da sunanta, ta jawo tsohon littafinta mai kauri ta ci gaba da aiki da shi. Abin da bai taɓa zo mata a rai ba shi ne makarantar tana ajiye duk aikin da aka taɓa miƙa mata.

* * *

Ranar Laraba bayan la'asar Yaya ya zo. Ta riga ta gaya masa a waya, amma ya shigo da raha kamar ba komai.

"Ina ɓarauniyar gidan nan? An ce an kama ki dumu-dumu."

Umma tana ninke wanki a kan tabarma. "Kai dai ba ka san lokacin wasa ba. Zauna ka ji, tun jiya yarinyar nan ba ta ci abin kirki ba."

Ya zauna ya ajiye makullansa a kan tebur. Auta ta yi masa bayani dalla-dalla. In ta nuna littafinta mai kwanan wata ta tabbatar aikin nata ne tun farko, akwai yiwuwar a bar mata makinta da jan kunne. Amma daga nan za a soke tasa takardar, kuma dokar makarantar ta ce za a sanar da wurin aikinsa. Murmushin ya gudu daga fuskarsa. Ya sosa ƙeya, ya dubi Umma, ya dubi silin.

"To ai abin da sauƙi," ya ce daga ƙarshe. "Ki ce kin gani a kwamfutata kin kwafa. Ƙanwa ta kwafi aikin yayanta, wa zai yi mamaki? Su yi miki faɗa, ki ba su haƙuri, shi ke nan."

"Ba faɗa za su yi ba, Yaya. Cire ni za su yi. Shekara biyu ba zan sake rajista ba."

"Shekara biyu kamar gobe ne."

"Gurbin kuma ƙarshen watan nan ne."

Umma ta ajiye zanin da ke hannunta.

"Auta, ni ban san kan wannan karatun naku na gilashi ba. Amma na san yaran nan nasa uku da uwarsu a wuyansa suke, ni ma nan da kike gani a wuyansa nake. In aka kore shi da sunan maguɗi ina zai sa kansa? Ke ko ba wannan, Allah zai kawo wani. Ki rufa wa ɗan'uwanki asiri, Allah ya rufa naki."

"Umma, ni ma fa aikina ne."

"Na sani, 'yar nan. Wa ya ce ba aikinki ba ne?" Ta ɗauki wani zanin ta ci gaba da ninkewa, ba ta yarda sun haɗa ido ba.

Baƙin ciki tsagwaronsa ya kama Auta. Amma a ƙarƙashinsa akwai wata tambaya da ta daɗe tana cin ta, ta ga in ba yau ba babu ranar yin ta.

"Yaya, don Allah in tambaye ka. Ba da wata manufa ba. Jingar nan da na yi maka, ka taɓa karanta ta?"

"Wacce daga ciki?"

"Ko wacce."

Ya yi 'yar dariya ta jin kunya. "Haba Auta. Ai na yarda da ke."

Ta gyaɗa kai. Ta so ta ji haushi sosai, sai ta tsinci kanta tana kallonsa kamar yau ta fara ganinsa. Mutum ya yi shekara yana amsa sunan gwani a kan takardar da bai san abin da ke cikinta ba, yana barci lafiya, yana cin abinci lafiya. Ta yaya ake yin haka? Da gaske take son ta sani.

Da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa yana wasa da makullai. "Ba zan manta ba, wallahi," ya ce a hankali.

* * *

Ranar Alhamis ta roƙi izinin rabin awa, ta rufe tagar karɓar kati, ta zauna gaban kwamfutar ofis da littafinta a kan cinya. Sha ɗaya daidai malamar ta bayyana. Shekara biyu Auta tana jin muryar nan, tana tsayar da ita tana mayar da ita baya, yau ga ta tana kallonta ido cikin ido. Dattijuwa ce mai tabarau, ta fi yadda take a darasi ƙanƙanta, a bayanta akwai kantar littattafai da kofin shayi.

"Sannu, 'yata. Kin san dalilin zaman nan?"

"Na sani, Malama."

"Kafin mu je can, ina da tambaya. Me ya sa lambobi biyu na ƙarshe? Me ya sa ba na farko ba, kamar yadda kowa ke yi?"

Auta ba ta san lokacin da bakinta ya buɗe ba. Ta ce in aka bi na farko duk sababbin katuna a kanta ɗaya suke taruwa, ma'aikata su yi ta gware a lungu guda, sauran kantocin suna hutu. In aka bi na ƙarshe kuwa sai su bazu ko'ina. Ta ce launin kuma don ido ne, in koren kati ya shiga cikin masu rawaya tun daga bakin ƙofa za ka hango shi. Ta tashi ta juya kwamfutar ta nuna mata kantocin. Malamar ta tambayi abin da take yi in launi ya ƙare, ta amsa. Ta tambayi katin wanda ya rasu, Auta ta amsa, har ta ƙara da nata tambayar a kan shekara nawa ya kamata a ajiye shi, don littattafai biyu da ta duba sun saɓa wa juna. Suka yi minti goma sha biyar a haka, Auta ta manta shaf da abin da ya tara su.

Malamar ta cire tabarau ta ajiye.

"Bara na yi wani ɗalibi," ta ce. "A takardarsa an rubuta ma'aikacin siton kayan gini ne. Amma duk misalin da zai kawo na katin asibiti ne, kuma irin wannan tambayar taki yake yi, ta littafi kaza ya ce kaza, wancan ya ce kaza. Na yi ta mamakinsa." Ta ɗan dakata. "Ni ba na'ura ba ce, 'yata. Na'ura ta ce aiki biyu sun yi kama, iyakar saninta ke nan. Ni so nake in ji wanda ya rubuta na farkon. In kika gaya min gaskiya kuma kina da shaida, zan tsaya miki a gaban kwamiti. Amma ba zan ɓoye miki ba, shi wancan takardarsa ta tafi."

Littafin yana kan cinyarta, ta ji nauyinsa. Kowane shafi da kwanan wata a samansa, da rubutunta, da tabon shayin da ya zube a mako na shida. Ɗaga shi kawai za ta yi. Ta sa hannu ta riƙe bangonsa. Sai ta tuna ƙaramar 'yar Yaya da ta fara makaranta bana, da yadda Umma ta ƙi ɗago ido daga kan wanki.

"Ni na kwafa, Malama."

"Ki sake tunani."

"Na gani a kwamfutarsa na kwafa. A yi haƙuri."

Daga can waje wani ya ƙwanƙwasa tagar kati, ya gaji ya tafi.

"Kin san darasin ambaton tushe?" in ji malamar.

"Na san shi."

"Na san kin san shi. A jingar nan kin ambaci mutum goma sha huɗu, ko shafi ɗaya ba ki kuskure ba. Mutum ɗaya kika bari." Ta mayar da tabaranta. "Shi ke nan. Zan rubuta abin da kika faɗa. In kin ga wancan ɗalibin ki gaishe shi, ki ce masa ban taɓa jin daɗin koyar da wani kamarsa ba."

Fuskar kwamfutar ta yi duhu. Auta ta tashi ta buɗe tagar, mutum bakwai suna jira a layi.

* * *

Ƙarshen wata aka kawo sabon ma'aikaci da takardarsa a cikin leda. Mutum ne mai fara'a, ba shi da laifi. Kwana uku Auta tana nuna masa yadda ake nemo kati, yana cewa kai, wannan tsari da wayo yake, wa ya fito da shi? Ta ce haka ta tarar. Aka sabunta mata takarda ta wata uku.

Wata Asabar da hantsi Yaya ya shigo da jakar kwamfuta a kafaɗa. Ya gaida Umma, ya yi ta kewaye-kewaye, ya yaba labulen da ya shekara a rataye, sannan ya leƙo ɗakin Auta.

"An buɗe na gaba," ya ce yana kallon ƙasa. "Babban kwas ɗin. A wurin aiki sun ce tunda na yi fice a na farko, ni za su tura. Na ce musu a'a wallahi, suka ƙi ji. In ba za ki iya ba ki faɗa, ba zan ji haushi ba."

Ya ajiye jakar a bakin gado ya fita da sauri.

Ta yi niyyar kada ta taɓa. Ta share ɗaki, ta gyara gado ta kewaye jakar, ta fita ta dawo. Tana jin muryarsa a falo yana ba Umma labarin wani direba. Me ake koyarwa a babban kwas ɗin? Ta taɓa ganin jerin darussan, akwai mako guda sukutum a kan tsawon lokacin ajiye bayanai, wato amsar tambayar da ba ta samu ba. Ta ce bari dai ta duba take kawai.

Ta zuge jakar ta buɗe kwamfutar. Shafin makarantar ya fito yana yi wa Yaya barka da dawowa. A saman gilashin, daidai kan idon kyamarar, ya manna ɗan guntun baƙin salatif, irin wanda suke naɗe waya da shi a sito, don kada makarantar ta ga wanda ke zaune a gabanta. Gefensa ɗaya ya ɗago. Auta ta dube shi na ɗan lokaci, sannan ta sa babban yatsa ta danne shi, ta kunna darasin farko.